Shawara: Takardun gwajin jini sun saɓa wa juna, dangi sun fara zargin matata

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ina kuma taɓa sayar da hatsi a wani ƙauye da ke ƙasar Gaya. Shekara uku da suka wuce, kafin a ɗaura mana aure, waliyyin matata ya ce sai mun yi gwajin jini. Muka je wani ɗakin gwaji a cikin gari ranar kasuwa, takardata ta fito AA, tata ta fito AS, aka ce babu matsala. Allah ya ba mu ɗa namiji, aka haife shi a gida a hannun ungozoma. Yana da wata tara hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, a asibiti aka gwada shi aka ce SS ne, wato sikila. Daga baya jininsa ya yi ƙasa aka yi masa ƙarin jini, kuma mako uku da sallamo mu na kai shi wani wuri aka sake gwadawa, sai ta fito AS. Ni ma na ba wani mai kemis jinina ya aika birni, bayan kwana huɗu ya dawo ya ce an kasa tantance irinsa. Yanzu yayyena suna cewa AA ba ya haifar SS, don haka yaron ba nawa ba ne, mahaifiyata kuma ta daina ɗaukarsa. Wani mai magani ya ce jinin da na'ura ta kasa ganewa akwai hannun aljanu a ciki. Wani kuma ya ce in ba shi gashina da na yaron da kuɗi ya kai Legas a yi gwajin DNA ba tare da matata ta sani ba. Ban taɓa ganin abin zargi daga gare ta ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Mene ne abin yi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka furta kalmar da ba ta komawa baki. Na jera takardun nan biyar a raina kamar yadda ka ba da labarinsu, kuma abin da na gani shi ne yayyenka sun ɗauki guda ɗaya daga ciki, wadda aka rubuta cikin cunkoson ranar kasuwa shekara uku da suka wuce, sun mayar da ita kamar saukakkiyar aya, sannan suka ɗora wa matarka alhakin duk abin da ya saɓa mata. Ni kuwa, a matsayina na wanda ya yi shekaru yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wannan takardar ce na fi tuhuma a cikin biyar ɗin, kuma zan faɗa maka dalili bayan mun kawar da ƙananan ruɗani guda biyu daga kan hanya.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta sassan jiki. Kowane mutum yana gadon umarnin ƙera wannan sinadari daga ɓangare biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, shi ya sa kake ganin haruffa biyu a takardar. Wanda ya gaji A daga ɓangarorin biyu shi ne AA, wanda ya gaji A da S shi ne AS, kuma yawanci yakan rayu lafiya ƙalau ba tare da ya san yana ɗauke da komai ba, wanda kuma ya gaji S daga ɓangarorin biyu shi ne mai cutar amosanin jini. Wannan shi ne gwajin da ake kira jinotayif. Ya bambanta da rukunin jini, wato A da B da AB da O, wanda ake dubawa idan za a yi wa mutum ƙarin jini. Na ambaci wannan ne domin na sha ganin mutumin da aka ce masa rukunin jininsa A ne, ya koma gida yana shelar cewa shi AA ne, saboda haka ka ɗauko takardarka ta farko ka ba wanda ya iya karatunta ya tabbatar maka wanne aka rubuta a cikin biyun.

Takardar yaron ta biyu, wadda ta ce AS, babu wani abin al'ajabi a cikinta ko kaɗan. An ɗebi jinin ne mako uku bayan ƙarin jini, jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kuma sukan rayu har kimanin kwana 120, alhali na mai sikila ba su cika wuce kwana 10 zuwa 20 ba. Ke nan a ranar da aka yi gwajin, jinin mutum biyu ne yake gudana a jikin ɗanka, nasa mai S da na wanda ya ba shi mai A, na'urar kuma ta faɗi abin da ta gani. Da ma'aikacin wurin ya tambaye ka ko an yi wa yaron ƙarin jini kwanan nan, da ya mayar da kai gida ka jira aƙalla wata uku. Abin da nake tsoro game da wannan takarda shi ne kada wani a gidanku ya riƙe ta ya ce yaron ya warke, ko ya ce da ma likitocin farko kuskure suka yi, a dakatar da maganinsa. Kumburin hannuwa da ƙafafu a wannan shekaru, da ƙarancin jinin da ya kai ga ƙari, da gwajin da aka yi kafin a saka masa jinin kowa, duk sun tafi a kan magana ɗaya, don haka ku ci gaba da kula da shi a matsayin mai sikila har sai likitan jini ya faɗi saɓanin haka.

Sai takardarka ta biyu, wadda mai magani ya gina labarin aljanu a kanta. Ka tuna yadda jinin ya yi tafiya: an ɗebe shi a kemis, ba mu san a wace irin kwalba ba, ya kwana ko ya yini a wurin da babu sanyi, sannan ya bi mota ko babur cikin zafin rana zuwa birni, ya kuma jira layinsa. Jinin da ya sha wannan wahala ƙwayoyinsa sukan fashe, sinadarin cikinsu ya lalace, idan aka zo gwaji sai ya bar dabbare-dabbare maimakon layuka masu kyau da za a iya karantawa. Ma'aikaci mai gaskiya idan ya ga haka yakan rubuta cewa ba a tantance ba, a sake kawo wani jinin, kuma ni a wurina wanda ya rubuta haka ya fi wanda zai yi shaci-faɗi ya cike takarda amana. Akwai kuma wani dalilin da bai kai wannan yawa ba. Masana sun gano ire-iren himogulobin fiye da 1,000 a tsakanin al'ummun duniya, daga ciki akwai C da D da E da wasu da yawa, kuma ƙaramin ɗakin gwaji da bai saba ganin komai ba sai A da S da C, idan ya ci karo da layin da ya tsaya a wani wuri daban, ba shi da kayan da zai sanya masa suna. Kasa ganewa a nan gazawar kayan aiki ce da yanayin da jinin ya iso. Ba na musun samuwar aljanu, Alƙur'ani ya ambace su, amma mutumin da ya ji an ce ba a gane jini ba ya yi wuf ya ce ga aljani, sannan ya faɗi kuɗin aiki, ya kamata ka tambayi kanka wa zai amfana da wannan fassara. Addu'a da karatun Alƙur'ani ga marar lafiya alheri ne, ku yawaita su. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne kada ka yarda a yi wa yaron tsaga ko ƙaho ko cire beli da sunan fitar da mugun jini, domin yaron da jininsa ke ƙaranci da ma, zubar da kaɗan daga ciki na iya kai shi ga halaka.

Yanzu mu koma kan takardar ranar kasuwa. Gwajin da mafi yawan ƙananan ɗakunan gwaji ke yi a ƙasar nan ana kiransa ilektiroforesis. Ana ɗiga ɗan jini a kan wata takarda ta musamman da aka jiƙa da ruwan sinadari, a sakar mata lantarki na wasu mintuna, kowane irin himogulobin sai ya yi tafiya gwargwadon nasa, A ya yi nisa, S ya tsaya a bayansa, daga nan ma'aikaci ya duba da idonsa ya kwatanta da jinin da aka riga aka san irinsa. Hanya ce tsohuwa mai inganci, da irinta ne ma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 a Amurka cewa himogulobin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Sai dai ingancinta ya rataya ne a kan hannun da ke yin ta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ruwan sinadarin ya tsufa an ƙi canza shi don tsimi, ko ba a sanya jinin kwatance a gefe ba, ko mutum ɗaya ne ke ɗibar jini shi ke rubutu shi ke karɓar kuɗi ga layi har bakin ƙofa, to AS na iya komawa AA cikin sauƙi. Mafi yawan kuskuren da na gani da idona ma bai kai ga na'ura ba, a wajen rubuta suna yake faruwa. Na taɓa ganin samari biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya sun zo gwajin aure a safiya ɗaya, kowannensu ya tafi da sakamakon ɗan'uwansa, kuma ba a gano ba sai da ɗayan ya dawo yana gardama domin ya taɓa yin gwajin a makaranta. Ban da wannan akwai marasa tsoron Allah da ke rubuta AA ba su ko buɗe kwalbar ba, domin sun san ita ce amsar da ango ke son ji. Tun da gwamnatin Kano ta sanya hannu a kan dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, masu neman takardar sun ƙaru ƙwarai, kuma dokar abin yabo ce, amma amfaninta ba zai cika ba matuƙar mutane na ɗaukar gwajin a matsayin takardar da za a miƙa wa liman kawai.

Ka haɗa wannan da wani lissafi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ƙasar nan ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da sikila, inda ake ƙiyasta kusan 150,000 a kowace shekara. Dalilin yawansa a yankinmu shi ne mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da likita Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954, don haka a ƙasashen sauro masu ɗauke da shi suka riƙa tsira suna yaɗuwa. Idan ka tsaya a sahun Juma'a a masallacin garinku, a cikin kowane mutum huɗu akwai yiwuwar ɗaya yana ɗauke da shi bai sani ba. To wanne ya fi kusa da hankali: a ce kana cikin wannan kashi ɗaya bisa huɗu kuma takarda ɗaya ta yi kuskure, ko a ce matar da kai da bakinka ka shaida ba ka taɓa ganin abin zargi daga gare ta ba ta ci amanarka? Ina ba ka shawara ka zauna da wata tsohuwa a danginku wadda ta san tarihin gida, ka tambaye ta ko an taɓa yin wabi a ɓangaren mahaifinka ko na mahaifiyarka, ko yaran da suka riƙa fama da ciwon ƙashi lokacin sanyi, idanunsu na yin rawaya, suka rasu suna ƙanana aka ce amosani ne ko shawara. Sau da yawa amsar da ake nema a birni tana nan a bakin kakanni.

Ko da ma an sake gwadawa ta wannan tsohuwar hanya ka sake fitowa AA, maganar yayyenka ba ta tabbata ba, domin akwai wani gado da ake kira talasimiya nau'in beta. Mai ɗauke da shi ɓangare ɗaya na gadonsa ba ya ƙera himogulobin A yadda ya kamata, ko ma ba ya ƙerawa sam, amma tun da ɗaya ɓangaren yana aiki, a gwajin da aka saba sai ya fito tamkar AA. Idan irin wannan mutum ya auri mai AS, ɗansu na iya gadon S daga uwa ya kuma gaji ɓangaren da ba ya aiki daga uba, sai ya zama mafi yawan abin da jikinsa ke ƙerawa S ne, ya yi ciwo irin na sikila, takardarsa kuma ta fito kamar SS. Talasimiya ba ta da yawa a ƙasar nan kamar yadda take a ƙasashen gaɓar Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Indiya, amma akwai ta, kuma likitocin jini sun san wannan ƙofa ce da uba mai kamar AA ke haifar ɗa mai kamar SS ta cikinta. Ana gane ta ne ta hanyar auna wani ƙaramin kashi na himogulobin da ake kira A2, wanda yakan haura kashi 3.5 cikin ɗari ga mai ɗauke da ita, tare da duba girman jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda sukan kasance ƙanana. Ɗakin gwajin ranar kasuwa ba ya auna ko ɗaya daga cikin biyun.

Game da mai son kai gashi Legas, amsata ita ce kada ka ba shi ko sili ɗaya. Gwajin DNA na tabbatar da uba gwaji ne mai ƙarfi idan an yi shi bisa ƙa'ida, kuma ƙa'idar ita ce waɗanda za a gwada su bayyana da kansu, a tabbatar da ko su wane ne, a ɗauki hotonsu, a goga auduga a cikin kumatunsu ko a ɗebi jini, a rufe a liƙe a gabansu, kowa ya sa hannu, sannan a san hannun da ya riƙe abin tun daga nan har ɗakin gwajin. Gashin da aka yanke da almakashi ba shi da saiwa, kuma a saiwar ne ake samun abin da irin wannan gwaji ke buƙata. Wanda aka tsinto a mataji ko a wurin aski kuwa, wa zai rantse na wane ne? Kai da ka sha wahalar kwalbar jinin da ta yi tafiyar kwana huɗu a cikin jiha ɗaya, yaya za ka rataya aurenka da asalin ɗanka a kan ƙullin gashi da zai bi hannun mutum ɗaya har Legas, ya dawo maka da takardar da ba ka da hanyar sanin ko a shagon kwamfuta aka buga ta? Ko gwajin da aka yi bisa ƙa'ida ma, masana ba sa yanke hukunci da shi ido rufe. A 2002 a jihar Washinton ta Amurka, gwajin DNA ya nuna cewa wata mata mai suna Lydia Fairchild ba ita ce mahaifiyar 'ya'yan da ta haifa da cikinta ba, har aka zarge ta da zamba, kotu ta sa wakili ya halarci haihuwarta ta gaba, shi ma jaririn gwaji ya ce ba nata ba ne. Daga baya aka gano cewa jikinta na ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu, domin tun tana ciki ta haɗe da abokiyar tagwaicinta suka zama mutum ɗaya. Wannan lamari ne da ba kasafai ake samunsa ba, kuma ban kawo shi don in ce shi ne naka ba. Na kawo shi ne domin ka ga cewa a ƙasar da ke da kayan aiki ma, da sakamako ya saɓa wa abin da ido ya gani, bincike aka ƙara har aka gano dalili. Sannan yin abin a ɓoye da matarka cin amana ne a kan kansa, kuma ranar da ta ji, wanda za ta ji, ko da sakamakon ya wanke ta tabon zai zauna.

Ta fuskar addini, ni ba alƙali ba ne, amma abin da zan faɗa sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato yaron da aka haifa a cikin aure ingantacce na mijin ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo yana nuna shakku domin matarsa ta haifi yaro baƙi, sai Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e, jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai launin toka a cikinsu, ya ce akwai. Da ya tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta jawo shi, sai Annabi ya ce to ɗanka ma wataƙila jijiyar gado ce ta jawo shi, bai kuma ba shi damar kore yaron ba. Ban san wani bayani da ya fi wannan dacewa da halin da kake ciki ba, domin S da ke ɓoye a jikin mai lafiya tsawon zuriya da zuriya ita ce ainihin jijiyar da ake magana. Su kuma yayyenka su sani cewa jifan mace mai kamun kai da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, wanda aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka wa bulala tamanin. Kore ɗa a shari'a yana da hanyarsa, wato li'ani, wanda ayoyi na 6 zuwa 9 na wannan sura suka bayyana, miji ne kaɗai ke tayar da shi a gaban alƙali bisa yaƙini, ba dangi a zaure bisa zato ba. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta yanke cewa ba a dogara da gwajin ƙwayoyin halitta wajen kore nasabar da ta tabbata a shari'a, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Idan gwajin DNA da kansa bai sami wannan matsayi ba, ina ga takardar jinotayif?

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki matarka da ɗanka ku je sashen cututtukan jini na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ku ga likita tukuna kafin ku je ɗakin gwaji. Ka ba shi labarin kamar yadda ka ba ni, ka faɗa masa ranar da aka yi wa yaron ƙarin jini, ka roƙi a yi maka kai da matarka gwajin da ake yi da na'urar HPLC, wadda ke auna kowane kashi na himogulobin da lamba, har da A2 ɗin da na ambata, tare da ƙidayar ƙwayoyin jini. Idan ba a yi a wurin a lokacin, za su faɗa maka inda ake yi. Ku biyun ba sai kun jira komai ba, yaron ne za a jinkirta nasa har jinin da aka ƙara masa ya ƙare. Ka tsaya ka ga an rubuta sunanka da lambarka a jikin kwalbar kafin ka tashi daga kujera, wannan haƙƙinka ne kuma babu ma'aikacin kirki da zai ji haushinsa. Abin da na fi zato shi ne ka fito AS, bayansa kuma a sami talasimiya. Ba zan ɓoye maka ba, akwai yiwuwa ta uku, wato ka fito AA tsantsa babu wata alama, kuma tun da a gida aka haifi yaron babu batun musanyar jarirai. Idan haka ta faru, likitan zai sake gwajin, ya kuma nemi a duba ƙwayar gadon kai tsaye a jikin ku ukun, domin akwai sauye-sauyen gado da sai ta nan ake ganinsu. Sai bayan wannan ne za a yi maganar mataki na gaba, tsakaninka da matarka da likita da malami masanin shari'a mai riƙe sirri.

Kafin nan akwai yaro marar lafiya da gardamar manya ke neman shagaltar da kowa daga gare shi. Mai sikila a shekarunsa yana buƙatar zuwa asibiti a kai a kai ko da lafiyarsa ƙalau, yana buƙatar folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da fenisilin da likitoci kan ba su kullum har zuwa shekara biyar, da cikakkiyar allurar rigakafi, da kwana a cikin gidan sauro. A riƙa ba shi ruwa da yawa, musamman da bazara, a kuma lulluɓe shi sosai da hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi, a ranar za a kai shi asibiti, ba a jira a ga abin da gobe za ta yi. Ku roƙi likita ya koya wa mahaifiyarsa yadda za ta riƙa taɓa saifarsa a gefen hagu na ciki, domin kumburinta farat ɗaya tare da ɗashewar tafin hannu alama ce ta gaggawa. Idan ya cika shekara biyu, ku tambayi hoton jijiyoyin kai da ake yi don gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da kuma maganin haidiroksiyuriya, wanda a nan Kano aka gudanar da wasu daga cikin muhimman binciken da suka nuna amfaninsa ga yaran Afirka. Idan kuma ya tabbata kana ɗauke da S, to ku sani cewa kowane ciki da matarka za ta ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama mai sikila. Ba wai ɗaya ya fito saura uku sun tsira ba, kowane ciki da nasa lissafin. Wannan ita ce maganar mai nauyi da ke jiranku, wadda za ku tattauna da likita cikin natsuwa, kuma duk jaririn da kuka ƙara samu a gwada shi tun da wuri.

Matarka ta riga ta san abin da ake faɗa, domin macen da surukarta ta daina ɗaukar ɗanta ba ta buƙatar a yi mata fassara. Tana jinyar yaro dare da rana, tana kuma kallon fuskarka tana neman ta gane ɓangaren da kake. Ka faɗa mata da bakinka cewa takardun ne kake tuhuma, kuma tafiyar da za ku yi don lafiyar yaron ce da ta waɗanda za su biyo bayansa. Mahaifiyarka kuwa kada ka yi jayayya da ita. Ka nemi limaminku ko wani kawunka da take jin nauyinsa ya karanta mata hadisin raƙuman nan, ya kuma roƙe ta ta dakatar da maganar har ku dawo daga Kano. A yi mata bayanin a hankali, domin idan sakamakon ya nuna kana ɗauke da S, to daga wurinta ko daga wurin mahaifinku ka gaje shi, kuma kowane ɗaya daga cikin yayyenka na iya kasancewa ɗauke da shi, su da suke da 'ya'yan da za su aurar nan gaba. Saboda haka ranar da za ku tafi, ka haɗa takardun nan biyar da katin asibitin yaron a jaka ɗaya, ku yi sammako domin layin yana da tsawo, sannan ka gayyaci babban yayanku ya raka ku ya ji bayanin likita da kunnensa. Tun da ya riga ya zo, ka biya masa kuɗin gwajin shi ma ya miƙa hannu a ɗebi nasa.